Daddawar da Inna Ta Bari a Rufe

Shekara tara na yi ina buga tafireta a wani ofishin gwamnati a Anka. Teburina yana jikin taga, ɗaki ɗaya muke da wata abokiyar aikina, ita tana kula da fayil-fayil, ni ina bugu. Wasiƙa ce, sanarwa ce, jerin sunaye ne, duk abin da aka rubuta da hannu aka miƙo mini sai in mayar da shi bugagge, kofi uku da takardar kabon. Na iya aikin ƙwarai. Ina bugu ina sauraron hira, ban ɓata layi ba. Maigidana malamin firamare ne a nan cikin gari, muna da 'ya'ya uku a lokacin.

Inna kuwa tana ƙauyenmu, can gaba da Bukkuyum. Daddawa take yi tun kafin a haife ni. Babanmu ya rasu ina aji huɗu, da wannan sana'ar ta riƙe mu har na gama makarantar 'yan mata. Gwaggo, ƙanwar babanmu, da ta rasa nata mijin sai ta dawo gidan, suka ci gaba da aikin su biyu. Ni dai Inna ba ta taɓa barina na sa hannu ba. Ko itace na ɗauko zan tura a murhu sai ta ce, "Aje. Tafi ki ɗauki littafinki." Ban kuwa taɓa yi mata gardama ba, don a raina na ji daɗin hakan. In hutu ya ƙare zan koma makaranta, sai na shanya tufafina a bayan gida kwana biyu don warin ya fita.

A ƙarshen wata damina, ba a daɗe da ba mu jiha ba, wani direba mai bin hanyar Bukkuyum ya leƙo ofishinmu ranar Litinin da hantsi.

Ya ce, "Gwaggonki ta ce a shaida miki Inna ba ta jin daɗi."

Na ce, "Jikin ya yi tsanani ne?"

"Wallahi ban sani ba. A tasha aka ba ni saƙon."

Makon nan aiki ya yi yawa, ana ta sake jerin sunayen ma'aikata, takardu jibge a gabana. Amma gaskiya ita ce babu wanda ya hana ni tafiya. Ko izini ban nema ba. Inna takan yi zazzaɓi kowace damina, ta sha saiwa ta kwanta kwana biyu ta tashi. Sai na fita na sayo magani da sukari da sabulu, na ba direban, na ce ya gaya musu ina nan zuwa ranar Juma'a in an tashi aiki.

Ranar Laraba wajen ƙarfe goma sha ɗaya na ji tsayuwar babur a ƙofar ofis. Na ɗaga kai na ga Malam, maigidana, tsaye a bakin ƙofa, allin makaranta ma bai goge daga hannunsa ba. Tunda na fara aiki bai taɓa zuwa ofishin nan ba. Abokiyar aikina ta dube shi, ta dube ni, ta tashi ta ɗauko mini mayafina da jakata.

Inna ta cika bayan sallar asuba, aka kai ta da hantsi. Ni sai la'asar na isa, don motar ta daɗe a mararraba tana jiran cika. Na tarar da tabarmi a shimfiɗe, mata cike da tsakar gida, ɗakinta a share. Takalmanta na roba suna nan a bakin ƙofa. Maganin da na aiko yana kan taga, ƙulli ɗaya aka buɗe.

Washegari da safe, ina zaune cikin masu karɓar gaisuwa, Gwaggo ta zo ta taɓa kafaɗata. Na bi ta har 'yar rumfar da ke bayan ɗakin girki. Akwai kwanduna uku a ajiye, an lulluɓe su da ganye da tsofaffin buhuna, an danne da faifai.

Ta ce, "Ran Lahadi munka dafa, da zazzaɓin a jikinta. Litinin da safe ita ta rufe da hannunta, sannan ta tafi ta kwanta. Yau kwana uku. In ba a buɗe ba yau, ta ɓaci."

Na ce, "Gwaggo, jiya-jiya aka kai ta."

"Na sani. Ni na yi mata wanka. Kama nan."

Muka yaye buhunan. Ɗumi ya taso ya bugi fuskata, da warin nan da na yi shekaru ina gudu. Kalwar ta yi baƙi, ta yi laushi, tana yauƙi. Gwaggo ta ɗebi kaɗan ta murza tsakanin yatsu, ta shinshina, ta gyaɗa kai. Muka shimfiɗa ta a rana. Da ta sha iska muka zuba a turmi. Mata masu gaisuwa suka ji ƙarar taɓarya a gidan makoki, suka leƙo ɗaya bayan ɗaya. Wata tsohuwa ta aje mayafinta ta karɓi taɓaryar daga hannuna, don ta ga ban iya ba. Kafin azahar mu takwas ne a rumfar nan, ana daka, ana dunƙulawa, ana kuka a hankali. Daddawar nan ba a sayar da ko ɗaya ba. Ranar sadakar uku Gwaggo ta raba wa duk wadda ta zo, ni ma ta ƙulle mini tawa a tsumma.

Na koma aiki bayan mako biyu. Tebur yana nan, tafireta tana nan, amma hannuna ya daina bin umarnina. Sai in buga layi ɗaya sau biyu. Sai in sa kabon a juye, kofi ya fito a bayan takardar. Wata rana na buga wasiƙa guda cif, shugaban sashenmu ya dawo mini da ita ya nuna mini kwanan wata, ashe ranar Larabar nan na rubuta, ga shi har mun shiga wani watan. Mutumin kirki ne, bai yi faɗa ba. Ya ce, "Malama, a yi haƙuri. Sake bugawa kawai." Duk lokacin da na ji babur ya tsaya a ƙofa sai gabana ya faɗi. In na dubi takardun da ke gabana sai in riƙa tambayar kaina wacce ce a cikinsu ba za ta iya jira ba. Jerin sunayen da na zauna dominsa ma daga baya an sake shi gaba ɗaya.

Ƙullin da Gwaggo ta ba ni na riƙa tsakura kaɗan-kaɗan, amma kafin azumi ya ƙare. Na aika aka sayo mini ta kasuwa. Na kaɗa miyar kuka, muka zauna ci, na kai loma ɗaya na aje. Ba wai ta lalace ba ce, ta waken soya ce, haka take. Na tashi na shiga ɗaki. Malam ya biyo ni ya tsaya.

Na ce, "Malam, ni zan bar aikin nan."

Ya ce, "Ki bari ki yi me?"

"Daddawa."

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Kin iya?"

"Ban iya ba."

Ya zauna a bakin gado. Ya ce mini aikin gwamnati ba a samunsa a kan hanya, mata nawa ne a garin nan suke da irinsa. Ya tuna mini fansho. Ya ce baƙin ciki yana sa mutum ya yanke abin da zai zo yana cizon yatsa, in bari sai shekara ta zagayo. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Na ce masa ni dai in na zauna a gaban injin nan ji nake kamar an ɗaure ni a wurin da na yi laifi. Ya ce ba laifina ba ne, kwananta ne ya ƙare. Na ce na sani. Ya ce, "To, ki jira bazara. In ɗorawa ta nuna kina nan a kan bakanki, ba zan hana ki ba."

Bazara ta zo ina kan bakana. Ni na buga takardar barin aikina da kaina, kofi uku, babu kuskure ko ɗaya. Shugabanmu ya karanta, ya cire tabarau, ya ce ko in ɗauki hutu ne in je in dawo. Na yi masa godiya na ce a'a. Abokiyar aikina ta raka ni har bakin titi tana cewa, "Daddawa fa? Ke da satifiket ɗinki?" Ta yi dariya, sai kuma ta fashe da kuka.

Na sayi kalwa a kasuwar Anka, na sa aka kafa mini murhu a bayan gida, na sayi manyan tukwane biyu. A zatona na san aikin, tunda a gabana aka yi shi shekara da shekaru. Ashe kallo kawai na yi. Ta farko ɓawon ya ƙi fita, na daka har hannuna ya yi kanta, rabin kalwar ta farfashe. Ta biyu na rufe, amma na kasa haƙuri, kullum sai na ɗaga buhu na leƙa. Da kwana uku ya cika na tarar da ita a bushe, fari-fari ya hau kanta. Ta uku ta ruɓe sarai. Warin ya cika unguwa, har maƙwabciyata ta yi magana ta kan katanga, ta ce ko wani abu ne ya mutu a gidan. Malam da kansa ya haƙa rami ya binne ta. Bai ce ai na gaya miki ba. Da ya wanke hannu sai ya ce, "Gobe Asabar, ba makaranta. Zan tafi in ɗauko Gwaggo."

Gwaggo ta iso da 'yar jakarta da kwandunan Inna guda uku a ɗaure. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce in nuna mata kalwar. Ta tura hannu cikin buhu, ta ɗebo, ta ciji ɗaya.

"Wa ya sayo miki wagga?"

"Ni na sayo."

"Ta bara ce. An gan ki da takalmin ofis anka ba ki."

Wata biyu ta yi a gidana, kuma ba ta raga mini ba ko kaɗan. Ana idar da sallar asuba za a hura wuta, tukunya ta wuni a kai har magariba, ana ƙara ruwa, ba a barin wutar ta yi sanyi. Ta koya mini in matsa ƙwaya ɗaya tsakanin yatsu, in ɓawon ya sulluɓe da kansa to ta yi. Ta koya mini surfe da toka, a hankali, ba dukan gero ba. Sai wanki, ruwa bayan ruwa, ana tsince baƙaƙe da waɗanda suka ƙi dahuwa ɗaya-ɗaya. Sai dahuwa ta biyu da 'yar kanwa. Sai a tsane a rufe tun da zafinta. Nan ne nake kuskure, ina barin ta ta huce don kada in ƙone.

"Ki ƙone mana," in ji Gwaggo. "Mu da kike gani ba mu ƙone ba?"

In an rufe kuma ba a taɓawa. Ta kama ni sau ɗaya ina zagaya kwandunan, ta ce in na sake za ta koma garinsu a ranar.

Wata rana da yamma muna zaune muna tsintar kalwa, yara sun tafi makarantar allo, gidan shiru. Na daɗe ina son tambayarta wani abu, ina tsoro. Ranar dai na daure.

Na ce, "Gwaggo, Inna ta neme ni?"

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da tsinta.

Ta ce, "Ba ni yi miki ƙarya. Ta neme ki. Ran Talata da rana ta ce, ba ta iso ba? Na ce ta aiko da magani, ta ce sai Juma'a. Da marece ta ji mota a hanya, ta sake tambaya. Na ce ba ita ba ce. Sai ta ce, to, aiki ne ya riƙe ta."

"Da fushi ta faɗa?"

"Ban ji fushi ba. Ban kuma ce miki ba ta so ganinki ba. Ta so."

Na sunkuyar da kai na yi kuka mai yawa, irin wanda ban yi ba ko a ranar da na isa gida. Gwaggo ba ta rarrashe ni ba. Ta jawo faifaina gabanta ta haɗa da nata, ta tsince duka. Da na yi shiru ta ce in tashi in wanke fuska kafin yara su dawo, in kuma yi wa Inna addu'a, don ita take bukata yanzu. Daren da ya biyo baya na yi barci sosai, abin da na daɗe ban samu ba. Na fi son abin da ta gaya mini a kan a ce ta ɓoye.

Da muka yi sau huɗu a jere ba ta ɓaci ba, Gwaggo ta ce lokaci ya yi da za mu Gummi. Akwai wata tsohuwa a kasuwar can, mai sayar da kayan miya, ita take karɓar daddawar Inna tun ina ƙarama. Ban taɓa ganinta ba, sunanta kawai nake ji. Muka shiga mota ranar kasuwa, masaki a kan cinyata, fasinjoji suna ta buɗe gilashi. Da a da ne da na ji kunya. Ranar ban ji komai ba sai faɗuwar gaba.

Muka same ta a rumfarta, tsakanin tulin barkono da kuka da busasshiyar kuɓewa. Suka gaisa da Gwaggo, suka yi wa juna gaisuwar rashi tun daga farko kamar jiya aka yi. Sannan ta dube ni.

"Wagga ita ce ta ofis?"

Gwaggo ta ce, "Ita ce. Ta baro."

Tsohuwar ta daɗe tana kallona. Ta ce in miƙo hannuna. Na miƙa, ta juya tafin, ta ga ƙuna da kanta, ta saki. Ta buɗe masakin ta ɗauki ɗaya, ta karya, ta shinshina, ta gutsuri kaɗan ta sa a harshe.

"Kanwa ta ɗan yi yawa," in ji ta. "Kuma ba ki daka ta yi laushi ba, ga ƙwaya nan. Uwarki ba ta barin ƙwaya."

Na ce, "Zan gyara, Inna."

Ban san lokacin da kalmar ta fito ba. Haka ake kiran kowace tsohuwa a wajenmu, amma tun rasuwar ban kira kowa da ita ba. Tsohuwar ta kawar da kai tana gyara tulin barkono. Ta ce za ta ɗauki rabi, in mutanenta sun dawo nema to in ƙaro, in ba su dawo ba kada in wahalar da kaina. Ragowar rabin muka dawo da shi Anka, matan unguwa suka saye a cikin gida, har da maƙwabciyar tawa mai magana ta kan katanga.

Mako biyu bayan nan tsohuwar ta aiko direba ya ce a kawo masaki biyu. Gwaggo ta ji saƙon, ta tashi ta fara haɗa kayanta. Na roƙe ta ta zauna da mu, ta ce ɗakinta yana can, awakinta suna hannun mutane, kuma ga damina ta kawo kai. Kwandunan ta bar mini.

Daga nan aiki ya miƙe, ba da gudu ba. Akwai shekarar da kalwa ta yi wuya na yi wata uku ban hura wuta ba. Akwai daminar da rana ta ƙi fitowa, abin da na shanya ya yi fumfuna na zubar. Sannu a hankali mata biyu na unguwa, dukansu zawarawa, suka shigo muna yi tare. Ban da Gummi, aka fara aikowa daga Bukkuyum, wasu ma tsofaffin masu sayen Inna ne da suka ji labari. Bayana ya fara ciwo, idona ya rage gani saboda hayaƙi. Malam ya gina mini rumfa ta kwano a bayan gida don ruwan sama.

Shekaru bayan haka na haɗu da tsohuwar abokiyar aikina a gidan suna. Ta yi ƙiba, an ƙara mata girma, ta ce tafiretata tana sito tun da aka kawo kwamfuta. Muka zauna gefe guda muna cin tuwo. Ta dubi hannuwana ta ce, "Tsakaninki da Allah, ba ki yi da-na-sani ba?"

Na ce mata wani lokaci nakan yi. In na wuni a tsaye gaban wuta a tsakiyar bazara nakan tuna kujerar nan da iskar taga. In na ji ana maganar fansho nakan yi shiru. Amma ban taɓa tashi da safe na ji ba na son fita wurin tukwanena ba, a ofis kuwa sai da ta kai ni ga ƙin fita aiki.

Ta ce, "To, Allah ya sa albarka." Ta ce in aiko mata da ta miya, amma in ƙulle da kyau a leda biyu, kada ta cika mata ofis da wari. Na ce sai dai ranar Alhamis, don wadda ke rufe ba ta nuna ba tukuna.